Kwamfuta ba ta san inda Alhaji ya dosa ba

Bayan ƙaramar Sallah na je gida Tawa, na biya in gaida kawuna a shagonsa da ke bakin babbar kasuwa. Shinkafa yake sayarwa da mai da sukari da taliya, duk a kan sari. Yana da mangaza biyu a gari, da yaro guda a Ƙonni, da wani a Yamai mai karɓar masa kaya.

Da na shiga ɗan ofishin da ke bayan shagon sai na tarar da kwamfuta uku a kan teburi, an lulluɓe kowacce da tsohon zane saboda ƙura. A gabansu ga kaye shida a jere, wato littattafan rubuta lissafi, bangonsu ya yi baƙi don yawan taɓi, ga biro ɗaure da zare a jikin ƙusa. Bara waccan aka sayo injinan tare da manhajar da aka zuba musu, wadda a nan muka fi kira lojisiyel.

Na ce, "Kawu, yaya ba a aiki da su?"

Ya ce, "Ɗana, wanga inji bai san kasuwa ba. Na ce a tambaye shi nawa mutanen Keita ke riƙe da kuɗina, ya ba ni lissafin da ko rabi bai kai ba. Kayena bai taɓa yi min ƙarya ba."

Na yaye zanen na kunna ɗaya na duba. Injin bai yi ƙarya ba, iyakar abin da aka gaya masa ya faɗa. A gidan kawu mutum huɗu ke ba da bashi. Akwai shi kansa, yawanci ta waya, yana zaune a kan buzunsa bayan Magariba. Akwai ƙanensa, akwai babban ɗansa, sai kuma mai riƙe da makullin mangaza, wanda in tsohon abokin ciniki ya zo da mota ba ya iya haɗa ido da shi ya ce a'a. Cikin huɗun nan ɗan ne kaɗai ke shigar da abin da ya bayar a kwamfuta. Sauran kowa da kayensa, wani ma a ka yake riƙewa sai dare ya rubuta. To ta ina injin zai san bashin Keita?

Abin ya tsaya min a rai har na koma Yamai, domin aikina ke nan, riƙe wa ƴan kasuwa lissafi. Na ga irin wannan teburi a kasuwar Katako, na gan shi a ta Wadata, na gan shi a kamfanonin da ke da bene da mai gadi a ƙofa. Ra'ayina shi ne muna sayen fasaha tun ba mu yanke shawarar inda muka dosa ba, tun ba mu zauna mun fayyace yadda kaya da kuɗi da bashi da iko ke yawo a gidajen kasuwancinmu ba. Manufa ce ya kamata ta shige gaba, tsarin gida ya bi ta, inji ya zo daga baya ya ɗauki kayan da aka aza masa. Wanda ya juya wannan jeri ya yi asara biyu. Ya rasa kuɗin inji, sannan ya tashi da imanin cewa fasaha ba tamu ba ce, kuma wannan ta biyun ta fi ciwo, don har ƴaƴansa zai gadar wa.

Zane kafin tubali

Babu mai hankalin da zai kira magini ya ce masa ga simintin Malbaza tan goma, fara ɗora bulo, in mun yi nisa ma ga inda ƙofa za ta kasance. Sai an san mutum nawa za su zauna, mata nawa, ina turaka, ina zaure, ta ina ruwan sama zai fita. Amma wannan Alhajin da ba zai yarda a haƙa masa harsashi babu zane ba, shi ne zai ba da miliyoyi a zuba masa manhaja ba tare da ya amsa tambaya ko ɗaya a kan gidan kasuwancinsa ba.

A manyan kamfanonin duniya wannan zane sana'a ce mai zaman kanta, bari in kira ta zanen ginin kamfani. Wani ma'aikacin IBM mai suna John Zachman ya fitar da tsarinsa a shekarar 1987, kuma daga aikin masu zanen gine-gine ya aro tunanin. Da aka faɗaɗa tsarin daga baya sai ya tsaya a kan tambayoyi shida da ko yaro ya san su: mene ne, yaya, a ina, wane ne, yaushe, don me. A 1995 aka fito da wani tsarin mai suna TOGAF, wanda ya shahara da kasa aikin gida huɗu, wato yadda kasuwancin kansa ke tafiya, da bayanan da yake buƙata, da manhajojin da za su riƙe bayanan, sai injina da wayoyin da manhajojin za su hau. Ka lura da inda inji ya faɗo a jerin. Shi ne na ƙarshe.

Ba sai ɗan kasuwa ya haddace waɗannan sunaye ba. Ya ɗauki buhun shinkafa guda ya bi shi da ido kawai. Wa ya yi odarsa, da izinin wa? Nawa ya ci daga tashar jirgin ruwa zuwa ƙofar mangaza, in an haɗa duwan da kuɗin mota da na ƴan dako da abin da ake bari a shingayen hanya? Wa ya ƙirga shi da ya sauka? In ya fita, wace takarda ce ke bin sa? In bashi ne, wa ya yarda, zuwa yaushe, kuma wa zai tuna ranar? Kuɗinsa ta ina ya dawo, a hannu, ko ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ko ta banki, ko cikin wayar wani yaro? Duk inda aka yi shiru a cikin waɗannan tambayoyi, nan ne bango ya tsage, kuma ƙadangare ya riga ya san wurin.

"Riba nake so" ba manufa ba ce

Duk lokacin da na tambayi ɗan kasuwa mece ce manufarsa, amsa ɗaya ce: riba, da albarka. Allah Ya ba mu. Amma kowa riba yake so, har mai tallan goro. Manufa ita ce ka faɗi ta wace hanya za ka fi maƙwabcinka, kuma me ka haƙura da shi don ka samu hakan.

Ɗauki mutum biyu masu sayar da shinkafa iri ɗaya a layi ɗaya. Na farko ya zaɓi araha: kuɗi hannu, riba ƴar kaɗan a kan kowane buhu, amma mota ta sauke yau jibi ta ƙare. Rayuwar wannan mutum tana kan sanin ainihin abin da buhu ya ci masa har zuwa dala, da sanin abin da ya rage a mangaza a kowace sa'a, domin kuskuren dala ashirin a buhu, wato sefa ɗari, in an ninka shi sau dubu, ya cinye ribar mota guda. Abin da yake buƙata manhajar ƙirga kaya ce da lissafin farashi, mai sauri, wadda ke haɗe da teburin karɓar kuɗi.

Na biyu, irin kawuna, ba araha ce ƙarfinsa ba. Ƙarfinsa shi ne masu ƙananan shaguna na Keita da Buza da Abalak da Cintabaraden sun san in sun zo babu kuɗi ba za su koma hannu rabbana ba. Shekara talatin yana ɗauke da su, ya san wanda ke biya bayan kaka, ya san wanda sai ɗansa ya aiko daga Abijan, ya san wanda sai ya sayar da rago. Dukiyarsa ta gaskiya ba a mangaza take ba, tana hannun mutane. Irin wannan ɗan kasuwa abin da zai fara nema shi ne littafin bashi guda ɗaya tak da kowa ke rubutu a ciki, mai nuna iyakar abin da za a iya ba kowane mutum da ranar da alkawari ya cika. Abin da aka sayar wa kawu kuwa manhajar babban kanti ce irin ta masu ɗan injin karanta lambar jikin kaya, wadda aka gina a kan cewa mai saye zai biya kafin ya fita. An ɗinka rigar ba a auna mai sawa ba.

Ga kuma mai albasa. Yana saye a Galmi ko Tsarnawa ko Madawa lokacin da aka cire ta tana arha, ya zuba a rudu, wato rumbun ajiye albasa, ya jira ta yi daraja, sannan ya loda zuwa Akara ko Kumasi ko Abijan. Abokan gabarsa biyu ne, ruɓa da jahilcin farashi. Yana so ya san buhu nawa ya zuba a kowane rudu da ranar da ya zuba, nawa ya fitar masu kyau, yau nawa ake sayarwa a can, kwana nawa mota ta yi a hanya. Wayar hannu da WhatsApp da ɗan jadawali a Excel na iya isar sa shekaru, muddin akwai mutum guda da aka ɗora wa alhakin cikawa kullum. In ka kawo masa manhajar miliyan goma ba ka ƙara masa ko albasa ɗaya ba.

Mutum uku, fasaha iri uku, kuma babu mai sayar da kwamfutar da zai iya zaɓa musu. Zaɓin na mai dukiya ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda manyanmu ke miƙa wannan shawara, wadda ita ce zuciyar kasuwancinsu, ga yaro mai jakar kwamfuta, da cewa "ku ne kuka san zamani".

"Iyayenmu sun yi arziki babu inji"

Gaskiya ne, kuma ban raina wannan magana ba. Amma a duba da kyau, iyayen namu babu inji suka yi, ba babu tsari ba. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu mai yanke hukunci, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin da ke riƙe rubutu. An san zangon da za a sauka, an san mai gidan da zai karɓi baƙi ya nemo musu dillali ya tsaya musu a kan bashi. Kowa ya san aikinsa da iyakar ikonsa. Wannan shi ne zanen ginin kamfani, sai dai a ƙirji aka riƙe shi.

Abin da ya sauya shi ne nauyin kayan ya fi ƙarfin ƙirji guda. Yau kaya na tasowa daga Indiya ko Tailan ko Dubai, kuɗi na shigowa ta hanya biyar a yini ɗaya, yara na zaune a garuruwa uku. Kuma akwai abin da ba mu son faɗa: ƙirjin nan wata rana za a binne shi. Mu duka mun san gidajen da suka yi suna a Adar, mai gida ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in an rasa wa ake bi, wa ke bin su, wace mota ce ta gida, wace ce ta haɗin gwiwa. Masu gaskiya su kawo abin da ke hannunsu, marasa tsoron Allah su yi shiru. Marayu su tashi da suna babu dukiya. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gadon ɗan kasuwa ya ga malamai na juya kaye suna neman mai iya karanta alamomin da mamaci kaɗai ya san ma'anarsu.

Maganar amana

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma ita ce ake ɓoyewa a bayan sauran. In ka ce kowa ya rubuta abin da ya ɗauka, ƙanen Alhaji zai ji an ce masa ɓarawo. In ka ce mai mangaza kada ya fitar da kaya sai da takarda, zai ce shekara ashirin yana riƙe da makulli ba a taɓa tuhumarsa ba sai yau da ɗan boko ya zo. Zumunci abu ne mai tsada a wurinmu, kuma Alhaji ya gwammace ya yi asarar buhu hamsin da a ce ya tozarta ɗan'uwansa. Na fahimci wannan sarai, ni ma a cikinsa na tashi.

Sai dai aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An umarci muminai su rubuta, ƙarami ne ko babba, tare da ajalinsa, kuma a kafa shaidu. Ba ga baƙi ko maƙiya aka faɗa ba, tsakanin masu imani ne. Rubutu ba kishiyar amana ba ne, shi ke tsare ta. Mai mangaza mai gaskiya shi ya fi kowa cin moriyar takarda, domin ranar da buhu talatin suka ɓace, ita ce za ta wanke shi. In babu ita, zargi kan faɗa kan wanda ya fi kowa rauni a gidan, ba kan wanda ya ɗauka ba.

Kuma a nan dole in faɗi abin da ke da wuyar faɗa wa manya. Mafi yawan lokuta wanda ke fara karya tsarin shi ne mai gidan da kansa. Shi ne zai miƙa hannu cikin akwatin kuɗi ya ɗebi na cefane ko na gudummawar biki bai ce a rubuta ba, don ai kuɗinsa ne. Shi ne zai buga waya ya ce a ba wane buhu ashirin, "ma yi magana". Yaran gida ba abin da aka faɗa musu suke bi ba, abin da suka ga ana yi suke bi. Ranar da suka ga Alhaji ya tsaya an rubuta jika biyun da ya ɗauka, daga ranar ba wanda zai ƙara jin kunyar a rubuta nasa.

"Wannan na manyan kamfanonin Turawa ne"

Su ma suna faɗawa ramin nan, kuma nasu ya fi zurfi. Lidl, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kantuna na Jamus, ya fara aikin sauya manhajar kula da kayansa zuwa ta kamfanin manhaja mai suna SAP a 2011. A 2018 ya watsar da aikin, bayan an ba da rahoton kashe kusan Yuro miliyan 500, wato wajen miliyar 328 na sefa. Daga cikin dalilan da aka fi ambata akwai wani mai kama da ƙaramin abu: Lidl ya saba ƙimanta kayansa da farashin da ya sayo su, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa. Kamfanin bai yarda ya sauya al'adarsa ba, aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har kuɗi da lokaci suka ƙare.

Ba injiniyoyi suka rasa ba, ba kuɗi suka rasa ba. Tambayar da ya kamata a amsa tun ranar farko ce aka bari: mu za mu sauya mu bi manhajar, ko manhajar da ta dace da mu za mu nema? Tambayar da ke gaban kawuna ke nan, bambancin kawai yawan sifilin da ke bayan lambar. Ƙaramin ɗan kasuwa ma shi ya fi buƙatar ya yi tunani kafin ya saya, don ba shi da kitsen da zai jure kuskure.

A nan gida muna da misalin abin da ke faruwa in manufa ta fito fili. Dubi kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana. Abin da suka sa a gaba a bayyane yake: ɗan cin rani ko ɗan kasuwa ya aika kuɗi, tsohuwa a ƙauye ta karɓa a ranar, ba tare da asusun banki ba. A kan haka suka shimfiɗa rassa a tashoshin mota da kasuwanni da ƙananan garuruwa, da hanyar da kuɗi zai riƙa isa kowane reshe. Manhajar waya daga baya ta zo ta hau kan abin da aka riga aka gina. Da manhajar suka fara babu rassan, da ba wanda ya san sunansu.

Wuta da rezo da hanya

Wasu za su ce duk wannan zance ne, a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar ciniki. Ban musa ba. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, na ga shagunan da ciniki ya tsaya cak saboda manhajarsu ba ta buɗewa sai da intanet, ga masu saye a tsaye, ga kaya a gabansu, an kasa fitar da takarda.

Amma wannan hujja ce a kan a yi zane, ba a kan a bar shi ba. Magini na ƙwarai a Tawa ya san zafin watan Afrilu da iskar hunturu, da su yake lissafi. Haka mai tsara fasahar kamfani a Nijar dole ya fara da cewa wuta za ta ɗauke, rezo zai gudu, ƙura za ta shiga inji. Sai ya nemi manhajar da ke aiki ko babu intanet ta aika bayanan in ya dawo, da faranti mai hasken rana da batir, da layin waya na kamfani biyu, da kwafin bayanai a wani wuri daban da shagon. Wanda ya san gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982 da ta ƙaramar kasuwa a 2012 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan ajiye kwafi. Kaye ma yana ƙonewa.

Shekarar nan ta 2023 ta koya mana wani abu kuma. Da aka rufe gadar Gaya da ke kan iyakarmu da Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, kwanaki suka zama makonni, kuɗin mota ya haura. Ƴan kasuwar da suka san abin da kowane mataki ke ci musu sun sake lissafi cikin kwana biyu, suka san kayan da ya cancanci a ci gaba da kawowa da wanda za a dakatar. Waɗanda lissafinsu a dunƙule yake sun yi watanni suna sayarwa suna murna da ciniki, ashe uwar kuɗi suke ci.

Tsoron lanho

Akwai kuma abin da ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa: in komai ya shiga inji, masu haraji za su gani. Tun da hukumar haraji ta DGI ta kawo faktir mai shaida, wato takardar ciniki da ke fita da lambar mai biyan haraji ta NIF da alamar da ake karantawa da waya, ga harajin ciniki na TVA mai kashi 19 cikin ɗari, mutane da yawa na kallon kowace kwamfuta kamar ɗan leƙen asiri. Ba zan ce tsoron banza ba ne. Wanda ke biya yana gasa da wanda ba ya biya a layi ɗaya, kuma wannan rashin adalci ne da ya rataya a wuyan hukuma ta gyara.

Amma abin da na gani da idona shi ne mai ɓoye lissafi don kada hukuma ta gani, a ƙarshe shi ma ba ya gani. Littafi biyu ake fara riƙewa, na gaskiya da na nunawa, bayan shekara biyu a rasa wanne ne wanne. Kuma ranar da aka yanka masa harajin da ya fi ƙarfinsa, ba shi da takardar da zai kare kansa da ita. Haka in ya je banki neman jari, ko ya nemi kwangilar kai abinci ga wata ƙungiya, abin da za a fara tambaya shi ne lissafin shekara a tsarin riƙe lissafin kamfanoni da ake kira SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki tun Janairun 2018. In manufarka ka tsaya a shago ɗaya, wataƙila ka iya zama a inuwa. In kana son ƴaƴanka su gaji kamfani, ba za ka iya ba.

Mu masu jakar kwamfuta

Laifin ba na su Alhaji kaɗai ba ne. Yaron da ya sayar wa kawuna manhaja bai yini ko sau ɗaya a mangaza ba. Bai tambayi wa ke ba da bashi ba. Ya zuba abin da Faransanci zalla, alhali mai makullin mangaza da ajami yake rubutu, kuma saƙon murya yake aikawa. Ya yi horon kwana biyu ya tafi da kalmar sirrin mai iko a aljihunsa, yau in ana son gyara ko ƙara sunan sabon kaya sai an neme shi a waya. Bayanan dukiyar mutum suna hannun wanda ba ya cikin gidansa. Wannan ba daidai ba ne, ko da babu mugun nufi.

Muna da matasa masu basira da ke fitowa daga Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Fatana kowane ɗayansu, kafin ya rubuta layi ɗaya na manhaja, ya yi wata guda yana zaune a kan buhu a mangaza, yana kallon yadda ake sauke mota, yadda ake jayayya a kan buhun da ya fashe, yadda ake cewa "kawo ciko ran kasuwar Badagishiri". Ya koyi cewa wani lokaci amsar da ta dace ita ce kada a sayi komai bana, a gyara kaye tukuna. Mai faɗa wa Alhaji haka zai rasa cinikin yau, amma shi za a kira ranar da aka shirya.

Kafin in bar Tawa na roƙi kawu dare uku bayan Isha'i. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kawo babbar takarda, muka bi buhu ɗaya daga Lome har Keita, shi yana faɗa ina zanawa. Ba mu kunna kwamfuta ba ko sau ɗaya. Mun yarda littafin bashi zai zama ɗaya, a hannun babban ɗansa, kuma duk wanda ya ba da kaya zai aika saƙon murya a rukunin WhatsApp na gida kafin mota ta tashi. Mun yarda mai mangaza zai ci gaba da rubutunsa na ajami, da yamma a kwafe. Kawu da bakinsa ya ce a buɗe shafi da sunansa, a riƙa rubuta abin da ya ɗauka.

A dare na uku na kawo tambayar da na yi ta jinkirtawa. Na ce, "Kawu, ƙanenka Baba ƙarami fa? Har nawa zai iya bayarwa ba tare da ya tambaye ka ba?"

Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ce, "Uwarmu ɗaya, ɗana. Bari in yi magana da shi da kaina bayan Babbar Sallah."

Na naɗe takardar na bar masa, da gurbin nan babu komai a ciki. Shekaranjiya ɗansa ya kira ni ya ce an yaye zanen kwamfuta ɗaya, sun fara shigar da sunayen mutanen Keita, sun kai arba'in da bakwai.